Filin Jirgin In Amguel

'Yan ci-raninmu da ke barin Tamanrasset su nufi In Salah ko Ghardaia sukan wuce In Amguel suna gyangyaɗi a mota. Gari ne ƙarami, kilomita ɗari da 'yan kai arewa da Tamanrasset, ba abin da zai sa direba ya tsaya in ba ruwa ko shayi ba. Amma a nan sojan Faransa suka shimfiɗa filin jirgin sama lokacin da yaƙin neman 'yancin Aljeriya ke ci, yaƙin da aka fara a 1954.

Ba don farautar mayaƙan FLN masu neman 'yancin aka yi filin ba, don bam aka yi shi. Faransa ta fara gwajin nukiliya a sararin sama a Reggane ranar 13 ga Fabrairu 1960, Afirka ta yi ca a kanta. Gwamnatin Tafawa Ɓalewa ma ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961, ta hana jiragenta sauka a Najeriya. Sai Faransa ta ce to, za ta koma ƙarƙashin ƙasa. Ta zaɓi dutsen Taourirt Tan Afella da ke In Ekker, gaba kaɗan da In Amguel, aka shiga haƙa masa ramuka. Injiniyoyi da sojoji da kayan awo ta jirgi suke isowa. Masu haƙa da dako kuwa, yawancinsu Buzaye ne da mutanen garuruwan dabino, waɗanda ba jirgi ne ya kawo su ba.

Gwaji 13 aka yi a cikin dutsen, daga Nuwamban 1961 zuwa Fabrairun 1966. A duba shekarun da kyau. Aljeriya ta sami 'yanci a Yulin 1962, ke nan mafi yawan bama-baman a cikin 'yantacciyar ƙasa suka tashi, domin yarjejeniyar Evian da ta kawo ƙarshen yaƙin ta bar wa Faransa wuraren har shekara biyar. Mai neman 'yanci bayan shekara bakwai da rabi ana zubar da jini, ba kowane sharaɗi yake tsayawa ja-in-ja a kansa ba.

Ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce 1 ga Mayu 1962, ranar gwajin da suka raɗa wa suna Béryl. Manyan baƙi sun zo kallo, har da ministoci biyu, Pierre Messmer na tsaro da Gaston Palewski na binciken kimiyya. Toshiyar ramin ta gaza. Dutse ya yi aman narkakkiyar tsakuwa da baƙin hayaƙi, iska ta juyo da shi kan 'yan kallo, kowa ya ranta a na kare. An kai ministocin an wanke su tas, an auna jikinsu, suka hau jirgi suka koma Paris. Palewski ya mutu a 1984 da sankarar jini, kuma shi kansa wannan ranar ya ɗora wa laifi. To wanda aka wanke ke nan. Makiyayin da ke bayan tudu da awakinsa, wa ya auna shi?

Faransawa sun tattara a 1967, suka binne abin da suka binne, suka bar sauran a fili. Talaka bai ga guba ba, ƙarfe ya gani. Aka yi ta kwasar wayar tagulla da kwano da ganguna, wasu aka kai kasuwa, wasu aka yi shinge da rufin ɗaki. Ba na ganin laifinsu ko kaɗan, tunda ba wanda ya yi musu bayani da Tamahak, harshen Buzaye, ko Larabci.

Wurin bai huta ba. Da sojan Aljeriya suka soke zaɓe a Janairun 1992, In Amguel na cikin sansanonin Sahara da aka tsare waɗanda ake zargi da bin jam'iyyar adawa ta FIS, ba tare da shari'a ba. Faransa ta yi dokar biyan diyya ga waɗanda gwaje-gwajen suka shafa a 2010, amma takardun da take nema sun fi ƙarfin makiyayi, 'yan Aljeriyar da suka amfana ba su taka kara sun karya ba. Har yanzu gwamnatin Aljeriya na neman Faransa ta miƙa taswirar wuraren da aka binne sharar.