Rana Kumbha: ya tsare ƙofar gari, ajali ya fito daga cikin gida

Mu da muka taso da kallon finafinan Indiya mun saba ganin sarakunan Rajput da rawani da takobi. To yau ga labarin ɗaya daga cikinsu, na gaske ba na fim ba.

Rana Kumbha ya hau sarautar Mewar, a jihar Rajasthan ta yanzu, a 1433, bayan an yi wa mahaifinsa Mokal kisan gilla. Waɗanda suka kashe shi ba baƙi ba ne, baffanninsa ne. Ku riƙe wannan.

Kumbha ya tarar da ƙasarsa a tsakanin manyan dauloli biyu, Malwa da Gujarat. A 1437 ya ci Sultan Mahmud Khalji na Malwa da yaƙi a Sarangpur. Daga baya daulolin biyu suka haɗa kai a kansa, amma ba su iya karya Mewar ba. Ya gina hasumiyar nasara a Chittor, hawa tara, tsayinta wajen mita 37, tana nan tsaye har gobe. Ya gina Kumbhalgarh a kan duwatsun Aravalli, ganuwarta ta kai kusan kilomita 36. UNESCO ta saka ta cikin kayan tarihin duniya a 2013. Kuma mutumin ba yaƙi kaɗai ya iya ba, har littafi kan ilimin kiɗa ake jingina masa, mai suna Sangitaraja.

To ina ƙarshen? A 1468, bayan shekara 35 yana mulki, ɗan cikinsa Uda ya kashe shi, a cikin Kumbhalgarh ɗin nan da rundunonin waje suka kasa shiga. Shi ma Uda bai ji daɗin gadon ba. Jama'a suka laƙaba masa sunan "makashi", kuma a 1473 ƙaninsa Raimal ya ƙwace sarautar.

Wallahi abin ya tsaya min a rai. Kumbha ya san yadda ubansa ya mutu, ya kashe dukiya da shekaru yana gina katanga, amma batun wa zai gaje shi da yadda za a miƙa mulki ya zama wuƙar da ta yanka shi. Da ɗan gari akan ci gari.

A shekarun da na yi ina aikin gwamnati na sha ganin haka: shugaba ya zuba ido kan abokan hamayya, na kusa da shi kuwa suna ƙirga masa kwanaki.

Allah Ya raba mu da sharrin na jiki. Me kuka gani?