Fiffiken jirgi: daga ramin iska zuwa ragar kwamfuta

’Yan kasuwar Kantin Kwari da ke fitowa Titin Ibrahim Taiwo sun saba da rugugin jiragen da ke sauka a filin Malam Aminu Kano. Tun 1925 Kano ta san jirgin sama, shekarar da sojojin saman Ingila suka sauko da jirage uku samfurin DH.9A daga Masar. A wancan zamani, siffar fiffike aikin gwaji ce: a sassaƙa ƙaramin samfuri, a sa shi cikin ramin da ake hura iska, a auna.

A 1933 hukumar NACA ta Amurka ta buga sakamakon gwajin siffofi 78, ta raɗa musu sunaye da lambobi. NACA 2412, alal misali, na nufin lanƙwasa kashi 2 cikin ɗari na faɗin fiffike, ƙololuwarta a kashi 40 daga gaba, kauri kuma kashi 12. Da siffa ta zama lamba, sai ta zama abin da kwamfuta za ta iya zanawa.

Saura iskar kanta. Lissafin Navier da Stokes na ƙarni na 19 ya bayyana yadda take gudana, amma ba ya warwaruwa da alƙalami a kan siffa irin wannan. Dabarar ita ce a yanka sararin da ke kewaye da fiffike zuwa dubban ƙananan gurabe kamar komar masunta, a yi lissafi a kowanne. Kusa da fatar fiffike, inda iska ke gogayya, dole idon ragar ya yi ƙanana ƙwarai. Can nesa sai a sassauta. Raga maras kyau ba ta hana kwamfuta ba da amsa, kuma nan haɗarin yake: hoto mai ban sha’awa, alƙaluma na ƙarya.

Mark Drela na jami’ar MIT ya rubuta manhajar XFOIL a 1986. Gmsh, mai saƙa raga, ta fito daga Beljiyam, aka kuma saki OpenFOAM kyauta a 2004. Yau ɗalibin injiniya a Bayero ko Ahmadu Bello zai iya sauke su duka ba tare da biyan ko sisi ba.

Abin da ba ya saukuwa ta intanet shi ne ramin iskar da za a tabbatar da amsar. Ga shi kuwa zafin Afrilu a Kano na rage nauyin iska, ƙurar hunturu kuma na ɓata santsin fiffike. Tsaigumi, jirgi maras matuƙi da Rundunar Sojan Sama ta ƙaddamar a Kaduna a 2018, cikin irin wannan iska aka nufa ya yi aiki.