Idan Mai Gida Ya Janye Hannu: Tarihin Bututu da Irin Wake

Maudu'in wannan mako ya faro ne daga duniyar kwamfuta, amma a gona za mu yada zango.

Akwai manhajojin da masu su ke buɗe sirrin gininsu ga kowa: ka kwafa, ka gyara, ka raba, ba mai tuhumarka. OpenOffice, wadda ake buga rubutu da ita kyauta, tana cikinsu. Kamfanin Sun ne ke ɗaukar nauyinta, har Oracle ya saye shi a 2010. Masu aikin sa-kai ba su amince da sabon mai gidan ba, sai suka ɗebi kwafinsu suka kafa LibreOffice a shekarar. Tana nan da ranta, amma a lura, wasu kamfanoni ne suka ci gaba da biyan albashin da yawa daga cikin masu aikinta mai wuya.

Mu da muka tashi tsakanin Minjibir, Bichi da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona kuma ba a barin fili ya huta, mun ga irin wannan tun kafin mu san kwamfuta. A farkon shekarun 1980 aka kafa KNARDA da bashin Bankin Duniya, tare da KASCO mai sayar da taki da iri. Malaman gona suka shiga ƙauyuka a kan babura, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka kawo dabarar nutsa bututu a fadama da ƙaramin injin ban-ruwa a madadin jigo. Da kuɗin bankin suka ƙare, kowane abu ya nuna halinsa. Famfon da sai an jira injiniya daga birni, da yawansa ya tsaya cak, mata suka koma guga. Bututun fadama kuwa ya yaɗu fiye da yadda aka tsara, domin samarin gari sun koyi nutsa shi, bakaniken babur kuma ya iya kwance injin.

Labarin wake ya fi wannan daɗin bibiya. Cibiyar IITA ta buɗe reshenta na Kano a 1990, da gonar gwaji a Minjibir, inda B. B. Singh da abokan aikinsa suka fitar da nau'o'in da ke nuna da wuri, wasu masu ba da ƙwaya da harawa tare, wasu masu jure wuta-wuta. Wake kansa yake yi wa barbara, don haka abin da ka girbe bana shi ne irinka na baɗi, ba kamar masarar aure ba da sai ka koma shago duk shekara. Tiya ɗaya a hannun manomi ɗaya ta isa ta zagaye gari: maƙwabci ya roƙa, suruki ya ɗiba, saura ya shiga kasuwa. Ba wanda ya nemi izinin kowa.

Sai dai a nan ne muke yawan ruɗin kanmu. Kwafa ba ta cin kuɗi, tsarewa ce ke ci. Bayan 'yan shekaru irin yakan gauraye da Kanannado ko Ɗan'ila a masussuka da buhu, har manomi ya rasa wanne yake shukawa. Dole wani ya zauna yana tace iri, yana gwada shi da sabuwar cuta, kuma wannan aikin shekaru ne, ba na ranar kasuwa ba. Wa zai biya shi? Da Amurka ta rufe hukumar USAID a 2025, cibiyoyin bincike irin IITA na cikin waɗanda abin ya taɓa. Irin da ke cikin rumbu ba zai ɓace ba saboda haka. Wanda ba a haifa ba tukuna shi ne abin tsoro.

Mu ma marubuta kada mu ɗauka ba da mu ake ba. Littattafan da muke turawa kyauta a WhatsApp suna yawo kamar wannan tiya, kowa ya kwafa, wani ya cire sunan mai shi, wani ya yanke babi. A cikin zaurukan da muke ciki, da wuya ka sami mutum biyu da suka ajiye kwafin asali na littafin da aka gama shekara biyar da ta wuce.