Yadda "tafiya" ta koma "gobe" a Turanci da Hausa

A makarantun Kakuri da Barnawa da ke Kaduna, malaman Turanci kan sha fama da yara a kan will da shall da going to. Abin da ba a cika gaya wa yaran ba shi ne, shekara dubu da suka wuce lokaci biyu kacal aikatau na Turanci ke nunawa: na yanzu da wanda ya shuɗe. Will daga willan ta fito, ma'anarta "so". Shall kuwa asalinta bashi ne, abin da ya hau kan mutum dole. Abin da kake so da abin da ake bin ka ai duk a gaba suke, shi ya sa a hankali kalmomin biyu suka koma nuna abin da zai faru. Dokar nan ta "I shall, you will" da aka sa muka haddace, an fi danganta ta da John Wallis, masanin lissafi na Oxford, wanda ya rubuta nahawun Turanci da Latin a 1653.

Going to ce ta fi jan hankalina. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 15 ta fara bayyana a rubuce da ma'anar nufi. Kafin nan tafiya ce ta ƙafa, mutum ya tashi ya je ya yi abu. Hausa ma wannan hanyar ta bi. "Ina za ka?" "Za ni kasuwa." Wannan za ɗin ta tafiya ita ce a cikin "zan saya" da "za mu gani". Haka "ina zuwa", wadda mai shago kan faɗa alhali fita yake yi.

Kudancin kogin Kaduna kuma ya ba mu misali na uku. Tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction, da masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957, da kamfanin Peugeot a 1975, sun tara ma'aikata daga ko'ina a Nijeriya, suka zo da Turancin buroka, inda ake cewa "I go come". Nan ma go ce, tafiya ce.

Yana damuna in ga an zabga wa yaron Sabon Tasha jan biro a kan "I go come" ba tare da an nuna masa cewa "zan zo" ɗin da yake faɗa a gida, da "I am going to come" ɗin da ake nema a jarrabawa, gininsu iri ɗaya ne.