Girgizar Accra da ta iso Ikko

Na sha jin mutanenmu a Sabo da Agege suna cewa girgizar ƙasa abin Japan da Turkiyya ne, ba ta zuwa nan. Tarihi bai yarda da wannan magana ba.

Ranar 22 ga Yuni, 1939, ƙasa ta girgiza a Accra, mutum 17 suka rasu, sama da 100 suka ji rauni. Tsakanin Accra da Ikko akwai kusan kilomita 400, amma duk da haka an ji motsin a Ikko da Ibadan da Ile-Ife. A 1984 ƙasa ta motsa a yankin Ijebu-Ode. Ranar 11 ga Satumba, 2009 kuma aka sake jin ta a Ikko da Abeokuta da Ibadan, alhali cibiyarta tana Jamhuriyar Benin.

Abin da ke damuna shi ne gidajen hayar da muke cunkushe a ciki, bene kan bene, da ƙarancin siminti da rodi. Wasu ma ba girgiza suke rushewa. Mai shirin gini ya nemi injiniya, kada ya yi rowar kaya. Allah ya tsare mu, amin.