YADDA WUTA TA BAR MURHU TA KOMA CIKIN SABUNI

Wannan karo za mu taɓa tarihi, amma tarihin da mai sana'a zai amfana da shi. Abin da ya kawo maganar wata tambaya ce da ke yawan fitowa daga bakin mata masu haɗa sabuni a gida, musamman waɗanda suka soma sa madarar kwakwa don sabuni ya yi laushi a jiki, ya kuma yi daraja a kasuwa. Mace ta auna mai, ta auna soda, ta dama, ta zuba a akwati, ta rufe da bargo kamar yadda aka koya mata, ta je ta kwanta. Da safe ta tarar sabuni ya tsage ta tsakiya, mai ya kwanta bisa kansa, launinsa ya koma na ƙanzo, ko ma ya kumburo ya malala ƙasa. Kuɗin mai sun tafi, na soda sun tafi, wani lokaci kuwa kuɗin adashi ne ko na bashi. Sai ta ce: ni ban hura wuta ba, to me ya dafa shi?

Kafin a ba ta amsa sai mun koma baya ƙwarai.

Sabuni tsohon abu ne. A ƙasar da ake kira Iraki yanzu an tono allunan yumɓu masu kimanin shekara 4000 ko fiye, waɗanda ke faɗin yadda ake dafa mai da ruwan toka. Wani marubucin Rum, Pliny, ya rubuta wajen shekara ta 77 miladiyya cewa mutanen Gol, wato Faransa ta dā, suna haɗa kitse da toka suna shafawa a gashi. Mutanen Sham suka gyara sana'ar. Halab da Nablus sun yi suna da sabunin man zaitun, suna aiki da tokar wani tsiro na ƙasa mai gishiri wadda suke ce wa al-ƙali. Sunan ma, ko ka ce sabuni ko ka ce sabulu, daga bakin Larabawa ya iso mana.

Abu guda ya haɗa waɗannan duka da kakanninmu masu sabunin salo, shi ne wuta. Wanda ya taɓa ganin tsohuwa na wannan aiki ya sani. Ta ƙona kara, ta tara toka, ta zuba a tukunya mai huji, ta tsiyaye ruwan, ta ɗora shi bisa murhu har ya ƙafe ya yi ƙarfi, sa'an nan ta sa kitse ko man kaɗe, ta yi ta tuƙi, ta yi ta iza wuta. Ruwan toka ba shi da ƙarfi sosai. In ba a taimake shi da wuta ba, shi da mai sai su kwana tukunya guda kowa na harkar gabansa. Saboda haka damuwar tsohuwa itace ne, ba yawan zafi ba. Kuma ku lura, tukunyarta buɗe take, idonta na bisa kanta. In ta ga tana neman tumbatsa, sai ta janye itace guda, shi ke nan.

Haka ma a Turai. A Marsai, birnin da har yau sabuninsa ke da suna a kantunanmu, cikin manyan tukwane ake tafasa mai kwana da kwanaki, a zuba ruwan gishiri don sabuni ya taso sama. A 1688, zamanin sarki Luwi na 14, aka yi doka kan wannan sana'a. Dokar ta hana sa kitse, sai man zaitun tsantsa. Ta kuma hana dafa sabuni a watannin Yuni, Yuli da Agusta, don an lura zafin lokacin yana ɓata shi. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Abin da ya juya sana'ar shi ne samun soda mai ƙarfi da araha. A 1791 wani likita Bafaranshe, Nicolas Leblanc, ya sami takardar shaida kan hanyar fitar da soda daga gishirin miya. Sodar tasa ƴar'uwar kanwarmu ce. In an haɗa ta da ƙonanniyar farar ƙasa sai ta zama soda mai ƙuna, wadda ƴan kasuwa ke ce wa kostik. Shi kam bai ci moriyar aikinsa ba. Gwamnatin juyin juya hali ta ƙwace masana'antarsa, ya talauce, ya kashe kansa a 1806. Bayansa wani masani, Chevreul, ya shafe shekaru yana binciken mai da kitse, ya fitar da littafinsa a 1823. Shi ya nuna abin da ke faruwa a tukunya: soda tana raba mai gida biyu, ta kama kashi ɗaya su zama sabuni, ta saki ɗayan, wato giliserin. Daga nan aka gane kowane mai yana da adadin sodar da yake ci, kuma ana iya aunawa. A 1861 Ernest Solvay na Beljiyam ya kawo hanya mai araha fiye da ta Leblanc, kuma wajen 1890 da ƴan kai aka soma fitar da kostik kai tsaye daga ruwan gishiri da wutar lantarki, kamar yadda ake yi har yau.

Sai kwakwa. Muna nufin kwakwar attagara, ba ta manja ba. A ƙarni na 19 Turawa suka rasa isasshen kitse, ga jama'a na ƙaruwa, ga Ingila ta soke harajin sabuni a 1853 bayan ya yi shekara 141 ana karɓarsa. Sai suka juya ga man ƙasashe masu zafi: manja da alayyadi daga kurmin Afirka ta Yamma, gyaɗa daga Sanagal, man kwakwa daga Silan da Filifin da tsibiran tekun Fasifik. Kamfanin Godeffroy na Hambur ya kafa zango a Samowa a 1857, ya yi ta jigilar mai, daga baya ya koma busasshen naman kwakwa, a matse shi a Jamus. William Lever, mai sabunin Sunlight, bai tsaya ga saye ba, sai da ya nemi gonakin kwakwa na kansa a tsibiran Solomon, kuma a 1920 ya saye kamfanin Neja mai fatauci a Nijeriya.

Masu sabuni suka tarar man kwakwa yana da wani hali da man zaitun da kitse ba su da shi. Sabuninsa yana kumfa ko a ruwan teku, har matuƙan jirgi suka riƙe shi. Abu na biyu, wanda ya fi shafar maganarmu: in an haɗa shi da kostik mai ƙarfi, ba ya jiran wuta. A dama shi da ɗan ɗumi, a zuba a akwati, a rufe, gobe a yanka. Aikin kwanaki ya koma na yini guda, babu itace, babu babbar tukunya. Wannan shi ake kira haɗin sanyi, kuma shi ne ake koya wa ƙungiyoyin mata a yau.

To amma sunan yana ruɗin mutane. Haɗin sanyi ba shi da sanyi ko kaɗan. Wutar da tsohuwa ke hurawa ƙarƙashin tukunya ba ta ɓace ba, wuri ta sake. Da zarar an zuba kostik a ruwa, ruwan kan yi zafi har ya kusa digiri 90 ba tare da murhu ba. In ta gamu da mai kuma, cin da take yi masa shi ma zafi yake fitarwa. Zafi na ƙara wa aikin sauri, sauri na ƙara zafi, kamar wutar daji da iska. A tsakiyar akwati sabuni kan kai digiri 70 ko 80, ya yi duhu, ya yi taushi kamar alewa, kana ya huce ya daskare. In ya tsaya nan babu laifi. In ya wuce, ruwan da ke ciki ya soma zama tururi yana neman hanya, nan ne sama ke tsagewa, ciki ya yi kogo, mai ya rabu, ko duka ya kumburo waje.

Man kwakwa ya fi sauran saurin kai wa ga haka. Kusan rabinsa wani irin mai ne mai ƙananan ƙwayoyi, wanda soda ke ci da gaggawa. Kilo guda na man gyaɗa yana cin kostik wajen giram 135, amma kilo guda na man kwakwa wajen giram 180 yake ci. Soda ta fi yawa, aiki ya fi sauri, zafi ya fi yawa. Alayyadi ma halinsu ɗaya, saboda haka mai aiki da shi ta saurari wannan magana da kyau.

Madara ita ce ta zo daga baya. Manyan masana'antu ba su damu da ita ba. A Amurka ne, daga wajen 1970 zuwa gaba, wasu mata suka farfaɗo da haɗa sabuni a gida don sha'awa da ƙaramin ciniki, suka soma sa nonon akuya maimakon ruwa. A 1997 har littafi guda ya fito kan sabunin madara kaɗai, na Casey Makela. Waɗanda ba su son abin da ya fito daga dabba suka koma ga madarar kwakwa, wadda mutanen Asiya ta kudu maso gabas da na bakin tekun Afirka ta Gabas suka daɗe suna miya da ita: a kankare naman kwakwa, a jiƙa, a matse. Wannan madara tana da mai da yawa, mai kauri ta kan kai kashi 20 cikin 100, tana kuma da ɗan sukari. Sukarin ba shi da yawa, amma ya isa. In an juye kostik kai tsaye a madara, zafin kan ƙona sukarin nan take, madara ta koma ruwan goro ko ja, ta guntse, wani wari mai hawa ka ya taso. A cikin akwati kuma sukari na ƙara iza wutar. Zuma haka take yi, haka turaren kanumfari da na kirfa. Mai sa madarar gwangwani kuwa ta duba rubutun jikinsa, don wasu ana ƙara musu sukari.

Yanzu mu komo ga bargo. Wa ya ce a rufe sabuni da bargo? Mutanen ƙasashen sanyi ne, masu aiki da kitse da man zaitun a ɗakin da bai wuce digiri 20 ba. Su tsoronsu kada sabuni ya huce kafin ya gama aiki, kuma suna da gaskiya a garinsu. Umurnin ya bi takarda, ya bi bakin masu koyarwa, ya iso Maraɗi da Damagaram da Tawa bai sake ba, alhali a nan cikin Afrilu da Mayu inuwa ma kan wuce digiri 40, balle ɗakin kwano. Man kwakwa yana daskarewa in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24. A wurinsu da cokali ake ɗibarsa, a wurinmu kusan duk shekara ruwa yake. A ganinmu, a rufe sabunin madarar kwakwa da bargo cikin bazara daidai yake da a ƙara wa tukunya mai tumbatsa itace. Mutanen Marsai da zafinsu bai kai namu ba sun ajiye aiki wata uku. Mu ba mu ce a ajiye ba, ciniki ba ya jira, amma wadda ke da zaɓi ta yi babban zubi lokacin ɗari, ko kuwa ta yi aikinta da asuba.

Dabarun da masu wannan sana'a suka gano da kansu, bayan asara mai yawa, ba su da wuya. Wadda ke da firigo ta daskarar da madara ta zama ƙanƙara, ta riƙa barbaɗa kostik kaɗan kaɗan tana motsawa, bokitin na zaune cikin ruwan sanyi. Wadda ba ta da shi ta narkar da kostik a ruwa zalla, nauyin ruwa kada ya gaza na soda, ta bar shi ya huce sarai, ta haɗa da mai, sai ya soma kauri kamar kunu kana ta zuba madara. Wannan hanya ta biyu ta fi dacewa da ƙauye. Kada a yi sabunin da man kwakwa tsantsa, a surka shi da man gyaɗa ko man kaɗe, a kuma sake lissafin soda bisa ga kowane mai. Babban akwatin katako yana riƙe zafi kamar yadda tsakiyar malmalar tuwo ke ƙona hannu bayan bayanta ya huce. Ƙananan mazubai, ko faffaɗan akwati marar zurfi, sun fi. A ɗora shi bisa duwatsu iska ta bi ta ƙasa, a bar shi buɗe a inuwa, a riƙa leƙawa cikin awa biyu ko uku na farko. Da an ga tsaga ta soma, a kai shi wuri mai sanyi.

A nan dole mu faɗi abin da ya fi asarar kuɗi. Kostik tana cin fata, tana makantarwa. Ita ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba mata ruwa. A sa safar hannu, a kare ido, a kori yara. Kada a taɓa dama ta a tukunyar alminiyom irin wadda ake zubawa a kasuwanninmu, tana cin ta tana fitar da iska mai kama wuta; bokitin roba mai kauri ya fi. Sabunin da ya kumburo kuwa kada a tare shi da hannu, yana da zafi kuma sodarsa ba ta mutu ba.

Wanda ya riga ya lalace fa? In tsaga ce kawai, ko duhun launi, sabuni ne lafiyayye, muninsa a ido ya tsaya; a yanka, a shanya mako huɗu zuwa shida. In mai ya rabu ko ciki ya yi kogo mai ruwa, kada a zubar da kome, har man da ya tsiyaye. A tattara duka a tukunyar ƙarfe ko ta ƙasa, a yayyanka ƙanana, a ɗan yayyafa ruwa, a ɗora bisa wuta marar ƙarfi, a yi ta tuƙi har ya haɗe ya zama abu guda, kana a mayar da shi akwati. Ba zai yi santsin na kanti ba, kuma in bayan ya sha iska har yanzu yana cizon hannu, a bar shi ga wankin tufafi da kwanoni.