Darasin Galadima ga Matasan Katagum

A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fitar da Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kyauta ga kowa. A shekarar ce kuma aka fitar da Python, harshen rubuta manhaja mai sauƙin koyo. A 2007 dukansu biyu suka iso firamaren Galadima a Abuja cikin ƙananan kwamfutocin shirin One Laptop per Child. Yara suka karɓa hannu bibbiyu, amma gwamnati ba ta saya wa sauran makarantu ba, ga matsalar wuta, sai shirin ya tsaya.

'Yan uwa, har gobe Linux da Python kyauta ne, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsu. Abin da ya rage mana a Azare shi ne wuta da malami mai haƙuri. Allah Ya sa mu dace.